Sauya injin jirgin kamun kifi da ƙara masa kayan tuƙi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masunta da masu jirage suka fi yi mini a bakin aikina na gyaran inji, kuma kusan iri ɗaya ne ko mutum daga Yawuri ya fito, ko Warra, ko Malale, ko ya taso daga Doron Baga, Lagdo ko Yeji. Na jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi, na sa musu lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Ta yaya zan gane injina ya kai a sauya shi, ba gyara yake nema ba?

Kada ka yanke hukunci da hayaƙi ko wahalar tashi kawai, domin fulogi da ya mutu ko kafireto mai datti duk suna kawo haka, kuma gyaransu bai taka kara ya karya ba. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne awon matsi. Bakanike zai cire fulogi, ya ɗaura agogon awo a ramin, ya ja igiya. In silinda ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, to ringi ko fistin ko bangon silinda ya ci. Wannan ma yana gyaruwa. Inda magana ke ƙarewa shi ne in ƙaran shaf ya fara ƙugi daga ciki, giya tana tsalle tana fita da kanta, sannan jikin ƙafar inji, wato ɓangaren da ke shiga ruwa, ya tsage, duk a inji ɗaya.

Ni ma'aunina shi ne wannan: in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin inji mai lafiya irinsa, kuma wannan ne buɗewa ta biyu ko ta uku, ka haƙura da shi. Ka kuma lissafa kwanakin da ka kwana a tudu lokacin da kifi ke kamuwa, domin su ma kuɗi ne, kodayake ba wanda ke rubuta su a takardar bakanike.

2. Inji mai doki nawa ya dace da jirgina?

Ƙaramin kwalekwalen da mutum biyu ko uku ke zuba kalli da shi, doki 8 zuwa 15 sun ishe shi. Babban jirgin katako mai jan taru ko ɗaukar kwandunan kifi zuwa kasuwa, a nan ne ake maganar 25 zuwa 40. Abin da ya haura haka, kamar 60 ko 75, na jiragen haya ne da na dakon kaya.

Kusan kowa in zai sauya inji sai ya ce a ƙara masa doki. Amma jirgin katako mai nauyi keta ruwa yake yi, ba ya hawa samansa kamar jirgin roba na jami'an tsaro. Akwai gudun da in ya kai, duk ƙarfin da ka ƙara gindi kawai zai lotsa, goshi ya ɗaga, igiyar ruwa ta girma a bayanka, fetur ya ƙone a banza. Inji mai doki 40 na haɗin mai (duba tambaya ta 3) yana iya shan lita 20 a awa ɗaya in an murɗe totur har ƙarshe. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama shi ne ribar masunci ko faɗuwarsa. Sassauta totur zuwa kashi uku cikin huɗu yana rage shan mai sosai, gudun kuwa ɗan kaɗan yake raguwa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Babban inji yana sa mai jirgi ya ga kamar jirginsa ma ya girma, sai ranar kasuwa ya kwashi mutane da buhuna da babura. Inji zai tura, amma katakon na jiya ne. Duk wanda ke bakin Kainji bai manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, ko na Patigi a watan Yunin 2023 inda mutum fiye da 100 suka rasu. Kafin ka ƙara doki, karanta tambaya ta 7.

3. Na haɗin mai zan saya ko mai baƙin mai daban?

Na haɗin mai, wato mai bugu biyu, shi ne wanda ake zuba masa baƙin mai a cikin fetur. Irinsa ne Yamaha Enduro da ya cika gaɓar Neja da Binuwai da tafkin Chadi. Ba shi da nauyi, kayansa kaɗan ne, kowane bakanike ya san cikinsa, kuma yana haƙuri da wahala. Aibinsa shan mai da hayaƙi. Mai bugu huɗu kuwa baƙin mansa a cikinsa yake kamar na mota. Ya fi tsimin fetur nesa ba kusa ba, musamman a tafiyar hankali, ba shi da ƙara, amma ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma ba ya son gurɓataccen mai. Mai doki 40 na haɗin mai yana kaiwa kilo 70 da 'yan kai, takwaransa mai bugu huɗu kuwa yana dosar kilo 100. In kai ne mai sauke inji kowace yamma ka kai shi gida a kafaɗa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Kuma mai bugu huɗu ba a kwantar da shi ta kowane gefe, in ba haka ba baƙin mai ya gangara cikin silinda.

Shawarata ita ce ka fara zagaya kasuwar da kake sayen kayan gyara. In za ka sami infela (robar fanfon da ke jan ruwan sanyaya inji), fistin, gasket da farfelar injin a ranar da ka nema, kuma akwai wanda ya taɓa buɗe irinsa a garinku, saya. Suzuki, Tohatsu da Mercury duk injina ne na ƙwarai, amma inji mai kyau da ke jiran robar fanfo daga Legas mako uku bai fi tsohon da ke kan ruwa amfani ba.

4. Mene ne ma'anar haruffan da ke jikin inji, kamar E40XMHL?

A tsarin Yamaha, E na farko Enduro ke nan, 40 yawan doki, X samfurin. M na nufin da igiya ake tayar da shi, H yana da hannun tuƙi, L doguwar ƙafa. In S ka gani a ƙarshe, gajerar ƙafa ce. W na nufin yana tashi da makulli kuma yana tashi da igiya. In ka ga EK a farko, mai aiki da kananzir ne. Sauran kamfanoni suna da nasu tsarin. Wannan lamba tana kan ɗan faranti a jikin maƙalar inji; ka ɗauke ta hoto, domin da ita ake sayen kayan gyara, kuma za ka sake buƙatarta a tambaya ta 6 da ta 11.

5. Doguwar ƙafa ko gajera?

Jirginka ne zai faɗa maka. Ɗauko ma'auni, ka auna daga saman katakon bayan da inji ke zama a kai zuwa ƙasan jirgi, a tsaye. Kusan inci 15, wato santimita 38, gajerar ƙafa ke nan. Inci 20, santimita 51, doguwa. Akwai ta inci 25 ta manyan jirage. In an ɗora inji, shimfiɗaɗɗen farantin nan da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba.

In ƙafa ta yi gajarta, farfela tana shaƙar iska: za ka ji inji ya yi kuka sama, jirgi kuwa ba ya gaba, musamman a kwana ko cikin igiyar ruwa, kuma fanfo na iya rasa ruwa. In ta yi tsawo, tana jan ruwa a banza, tana watso shi cikin jirgi, kuma ita ce ta farko da za ta gaisa da kututture. A ruwa marar zurfi irin na tafkin Chadi da fadamun Hadeja da Nguru, inci biyar ɗin nan na ƙari kullum cikin laka da kacalla suke. In ka riga ka sayi doguwa alhali jirginka na gajera ne, kafinta zai iya ƙara tsayin katakon baya, kuma hakan ya fi sauƙi a kan a yanke shi.

6. Na hannu na samu da araha. Me zan duba kafin in biya?

Kada ka yarda da injin da aka ɗumama kafin ka iso. Ɗora tafinka a kansa. In da ɗumi, ka dawo gobe da sassafe ka tayar da shi da sanyinsa. A gwada shi cikin ruwa, a kan jirgi mai kaya in zai yiwu, domin a cikin durom kowane inji jarumi ne. Kada ka bari a tayar da shi a busashe ko na daƙiƙa kaɗan ne, robar fanfo ƙonewa take yi. A yi awon matsin da na ambata a tambaya ta 1. A kwance kusar ƙasa ta man giya a ɗigo kaɗan a tafin hannu: in ya fito fari-fari kamar madara, ruwa na shiga, in da ɓurɓushin ƙarfe masu kaifi, haƙoran giya ne. Ka juya farfela da hannu kana kallon tsakiyar shaf ɗinta, in tana rawa to ta taɓa bugun wani abu ta lanƙwashe.

Sabon fenti a kan tsohon inji ya sa ka ƙara buɗe ido. Duba kawunan kusoshi, in sufana ta cinye su an sha buɗe shi. Injin da ya fito daga bakin teku, irin na Legas, Kwatano ko Tema, gishiri kan toshe hanyoyin ruwansa ta ciki inda ido ba ya kai. Farantin lamba kuma in an kankare shi ko an cire, ka bar injin komai araharsa. Satar inji ta yi yawa a bakin ruwa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke amsa tambaya. A rubuta takardar ciniki da lambar injin a ciki, a gaban sarkin ruwa ko shugaban ƙungiyarku.

7. Katakon bayan jirgina zai ɗauki sabon injin?

Wannan tambaya ba kasafai ake yi mini ita ba, ni nake cusa ta. Sa tsinin sukudireba ka soki katakon baya a wurare da dama, musamman inda tsofaffin maƙalai suka lotsa da kuma kusurwoyin da ya haɗu da haƙarƙarin jirgi. In ƙarfe ya shige kamar cikin dafaffen rogo, katakon ya gama aiki ko da fuskarsa tana da kyau. Sa kafinta ya sauya shi da busasshen katako mai tauri irin maɗaci, mai kauri, ya kuma ɗaure shi da ginshiƙai biyu zuwa cikin jirgi, domin duk ƙarfin turin inji ta nan yake bi.

A gabana wani bawan Allah ya ɗora sabon inji mai doki 40 a inda mai doki 15 ya shekara da shekaru. Ya matse maƙalai biyu da hannu, ya ja igiya, ya yi gaba lafiya. Da ya zo juyowa ya sa giyar baya ya ba shi wuta, sai muka ji ƙarar katako, inji ya ɗaga ya tafi da ɓallin allon a bakinsa. Tiyon mai ne kawai ya rage yana lilo. Yini guda yara suna nutso kafin a same shi.

Saboda haka inji mai doki 25 zuwa sama a huda a ɗaure shi da kusoshi masu ratsa katako, da faffaɗan wasa, wato zoben ƙarfe, ta ciki, bayan maƙalan hannu. In dole sai kana sauke shi kullum, to ka sa farantin ƙarfe inda maƙalai ke cizo, ka riƙa ƙara matse su bayan an ɗan yi tafiya, sannan ka ɗaure injin da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin ginshiƙin jirgi. Ya zauna a tsakiya cif. Ƙarfen da ke ratsa ramukan maƙala shi ke saita kwanciyar inji: in goshin jirgi na ɗagawa, matso da shi ramin da ke kusa da jirgi, in goshi na nutso, matsar da shi waje.

8. Yaya ake haɗa mai, kuma yaya ake horar da sabon inji?

Littafin injinka shi ne alƙali, amma ga yawancin na haɗin mai da ake amfani da su a nan, awon shi ne 50 da 1: rabin lita na baƙin mai a lita 25 ta fetur. A awa goma na farko ana ninka shi, 25 da 1, wato lita guda a lita 25. Baƙin man ya zama na injin ruwa mai bugu biyu, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan ɗinsa. Man mota yana barin toka a kan fistin, ringi ya maƙale, fulogi ya yi ta mutuwa. Fara zuba baƙin man da fetur kaɗan, ka girgiza, sannan ka cika. A daina awo da ido. A yanka gora a yi mata alama.

Horon kuwa haƙuri yake so. Minti goma na farko a bar shi yana aiki a hankali ba giya. Sauran awar farko kada a wuce rabin totur. Awa ta biyu a kai kashi uku cikin huɗu, ana sassautawa ana ƙarawa. Daga nan zuwa awa goma kada a riƙe shi a ƙarshen totur fiye da minti biyar a jere. Idan horo ya ƙare a zubar da man giya a sa sabo, daga nan kuma duk bayan awa 100 ko wata shida. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama.

9. In mayar da tsohuwar farfelata a kan sabon inji?

Sai in ramin shaf ɗinsu ɗaya ne kuma awonta ya dace da aikinka. Duba jikinta za ka ga lamba biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗinta ne a inci, ta biyu kuma tazarar da take son ci gaba a juyi ɗaya. Ka ɗauke ta kamar giyar mota: babbar lamba ta gudu ce da jirgi marar kaya, ƙarama ta jan nauyi ce. Inji mai doki 40 irin Enduro ana so ya juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti in an buɗe totur duka da kayan da ka saba ɗauka. In bai kai ba yana nishi, rage lamba, misali daga 13 zuwa 11. Kowane inci ɗaya yana sauya juyi da kamar 150 zuwa 200. Injin da ke nishi kullum a ƙarƙashin babbar farfela yana mutuwa da wuri ko da mansa mai kyau ne. Agogon juyi ne ke nuna wannan, duba tambaya ta 14.

Sau ɗaya a mako ka cire farfela ka leƙa bayanta. Zaren kalli da na mamari suna naɗewa a nan, su narke su zama kamar zoben roba, su yanke sil ɗin da ke tsare man giya. Farin man da na ambata a tambaya ta 6 yawanci daga nan yake farawa. Shafa giris a shaf kafin ka mayar. A cikin jirgi kuma kada a rasa farfela ta biyu, noti, da 'yan finfin ɗin da ke kulle shi.

10. Fitsarin inji, wato siririn ruwan sanyaya da yake tsartowa, ya ragu ko ya tsaya. In ci gaba da tafiya?

A'a, kashe shi nan take. Ɗaga ƙafa ka duba ramukan shan ruwa, sau da yawa leda ce ko kainuwa ta manne. In ba komai, zura siririyar waya a bakin fitsarin, domin yashi ko gidan zanzaro kan toshe shi. In har yanzu shiru, robar fanfo ce, sai filafili ko a ja ka. A ruwa mai yashi irin na Neja lokacin farin ruwa, a sauya robar nan kowace shekara ko da tana aiki. Ka mayar da waiwayen fitsari ɗabi'a, kamar yadda direba ke kallon madubi.

11. Ya kamata in sa sitiyari, ko in zauna da hannun tuƙi?

Ga mai zuba kalli ko jefa birgi a ƙaramin jirgi, hannun tuƙi ya fi. Yana juya jirgi nan take, ba ya cin wuri, ba abin da zai tsinke, kuma kana kusa da farfela in raga ta naɗe. Sitiyari yana amfani ne a dogon jirgi inda mai tuƙi a baya ba ya ganin gabansa saboda tulin kaya ko ɗagawar goshi, da kuma doguwar tafiya da ke gajiyar da kafaɗa. A tafki irin Kainji, wanda aka tare a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsohuwar Bussa, haka ma tafkin Volta, kututturan itatuwa suna nan tsaye ƙarƙashin ruwa, kuma idan ruwa ya ja suna matsowa sama. Mai tuƙin da ke zaune a tsakiya ko gaba ya fi ganin ɗan murɗawar da ruwa ke yi a kansu.

Amma in kuɗinka ba su da yawa, ga yadda zan jera maka: igiyar kashe inji da rigunan ruwa, sai matatar mai, sai fitilu, sai agogon juyi, sannan sitiyari. In kuma ka san sitiyari za ka sa, faɗa tun wurin saye a ba ka samfurin da aka yi don haka, mai tashi da makulli. Juya mai hannun tuƙi yana yiwuwa a injina da yawa, amma sai an sayi ƙarin kayan haɗi na wannan samfurin, kuma ba ko'ina ake samunsu ba.

12. Waɗanne kaya ake buƙata, kuma yaya ake auna kebur?

Abu biyu ne daban. Na farko tuƙi: sitiyari, kan da ke bayansa, kebur mai kauri guda ɗaya da ke ratsa bututun maƙalar inji, da ɗan sandan ƙarfe da ke haɗa bakin kebur da inji. Ga doki 40 zuwa 75 wannan na kebur ya wadatar, tuƙi mai aiki da matsin mai irin na manyan jirage ɓarnar kuɗi ne. Na biyu akwatin totur da giya, irin Yamaha 703 da ake ɗaurawa a gefe, da siraran kebur biyu, ɗaya na totur ɗaya na giya, da damin wayar makulli.

Wurin awo, bi ainihin hanyar da kebur zai bi da igiya: daga akwati zuwa gefen jirgi, ka bi gefen har baya, ka karyo zuwa tsakiyar inji. Ga na totur da giya ƙara kamar ƙafa huɗu, domin a yi musu lanƙwasa a gaban inji yadda zai juya ya kuma ɗaga ba tare da ya ja su ba. Da ƙafa-ƙafa ake sayar da su, sai ka cike zuwa sama. Ba a yanke kebur, ba a ƙara shi, ba a karya shi kwana mai tsini. Kowace lanƙwasa ta yi faɗi, kada ta gaza inci takwas daga tsakiyarta. A ɗaga shi daga ƙasan jirgi inda ruwa da ƙayar kifi ke taruwa, a zura shi cikin bututun roba.

Notin da ke riƙe sandan tuƙi dole ya zama mai kulle kansa. In na gama-gari ne, girgiza za ta kwance shi, kuma ranar da ya faɗi inji zai karkace gefe ɗaya da cikakken gudu. Kafin a saki igiya a gwada a bakin gaɓa: sitiyari dama, jirgi dama, giya ta shiga gaba da baya sosai kafin totur ya fara buɗewa, makulli ya ƙi tayar da inji in yana cikin giya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In jirgi na janyewa gefe ɗaya a kan hanya, ɗan fiffiken da ke saman farfela ake gyarawa: karkata bayansa zuwa gefen da jirgin ke janyewa, kaɗan-kaɗan.

13. Jar igiyar nan ta kashe inji mai murɗe-murɗe, dole ne sai na ɗaura ta?

Dole ne. Kusan duk jirgin da na shiga sai in tarar an naɗe ta a wuyan inji, ko ta ɓata an cusa tsinke ko an ɗaure maɓallin da roba. Aikinta ɗaya: in ka bar mazauninka, ta fizge, inji ya mutu. Injin da aka saki hannunsa yana karkacewa gefe ɗaya, sai jirgi ya shiga zagaye, kuma da'irar tana dawowa daidai inda mutumin ya faɗa. Na taɓa taya fito da wani saurayi da farfela ta bi ta cinyarsa a haka. Gwanin iyo ne, ɗan masunta gaba da baya, amma iyo ba ya tsere wa jirgi.

Ɗaura ta a ƙafa ko a jikin rigar ruwa in tana hana hannunka aiki. Gwada ta kowace safiya ta hanyar fizge ta inji na aiki. A ajiye ta biyu a jirgi inda kowa ya sani, don wanda ya rage a ciki ya iya tayar da inji ya dawo ya ɗauke ka. Rigar ruwa kuwa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta ta, kuma wanda kansa ya bugu da katako kafin ya faɗa ruwa ita kaɗai ce za ta riƙe shi.

14. Ina son batir, fitilu da agogo. Injina zai iya cajin su?

Mai tashi da makulli yana zuwa da abin cajinsa. Mai igiya sau da yawa yana da ɗan koyil na fitila, amma wutarsa ba ta shiga batir kai tsaye sai an sa mata rektifaya. Wutar ba ta da yawa, don haka fitilun LED za ka sa, in kuma kayan sun yi yawa ka ƙara ƙaramin faifan sola. Batir ya zauna cikin akwati mai murfi, a ɗaure, sama da inda ruwa ke kwanciya, nesa da tankin fetur. A sa fis a jan waya kusa da kan batir. Kada a cire kan batir inji na aiki, yana ƙona rektifaya. Haɗin waya na murɗawa da naɗe leda ba ya shekara a jirgi.

Fitilun hanya ja a hagu, kore a dama, fara a baya ko a saman sanda. Hukuma ta hana jigilar fasinja da dare, amma masunci da asuba yake duba raga, masu atalla kuma cikin duhu suke kamun warangi, don haka a gan ka tun daga nesa. Agogon juyi ba shi da tsada, akwai ƙanana da ake naɗa wayarsu a jikin wayar fulogi, suna kuma ƙirga awannin aiki, abin da zai gaya maka lokacin sauya man giya.

15. Na'urar gano zurfi da kifi tana da amfani a ruwanmu?

Tana da shi in ka san iyakarta. Tana nuna zurfi, yanayin ƙasa, ramuka da tsohuwar hanyar kogi inda giwan ruwa da ragon ruwa ke kwanciya, da tarin ƙananan kifi a tsakiyar ruwa. Amma ƙasa take kallo, kuma idonta a bayan jirgi yake, saboda haka kututturen da ta nuna maka ka riga ka wuce shi. A ruwan da bai kai tsayin mutum ba kuwa gora ta fi ta. Idon nata ba ya gani ta cikin katako, sai an ɗaura shi a waje, a gefen dama na katakon baya, nesa da kumfar farfela. Abin da ya fi yi wa masunta amfani a ganina shi ne GPS, ko da na waya ne cikin jakar da ruwa ba ya shiga: ka sa alamar inda ka zuba raga, da kowane kututture da ka sani, da hanyar gida don ranar da hazon hunturu ya rufe gaɓa.

16. Me ya sa sabon inji ke tari yana mutuwa bayan 'yan makonni?

Kusan kullum mai ne. Fetur ɗin bakin ruwa ya bi jarka da durom da mazurari kafin ya iso gare ka, kuma kowanne ya ba shi rabonsa na ruwa da tsatsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki daidai inda tiyo ke zuƙa. Sa matatar mai mai raba ruwa tsakanin tanki da inji, irin mai kofin gilashi a ƙasa, ka riƙa tsiyaye ta. Kada ka haɗa sabon inji da tsohon tanki da tsohon tiyo ba tare da an wanke ba. Tiyon da ya tsage yana shan iska, kwan matsawa kuma kibiyarsa ta kalli inji. Duba ma ɗan noti na iska a murfin tanki, mutane da yawa sun kawo mini inji a kafaɗa alhali shi ne kawai ba su buɗe ba.

17. In inji ya faɗa ruwa, ya mutu ke nan?

Bai mutu ba in an yi sauri. Tsatsa tana fara cin boris ne daga lokacin da aka fito da shi iska ta taɓa shi, don haka aikin na ranar ne, kada a kwana. A wanke laka da ruwa mai tsabta, a cire fulogi, a juya ramukan ƙasa, a juya inji da hannu a hankali har ruwa ya gama fita. In ka ji yana ƙartar yashi ko ya cije, tsaya, sai an buɗe shi. In yana juyawa sumul, a zuba baƙin mai ta ramukan fulogi da ta bakin kafireto a ƙara juyawa, a tsiyaye kafireto, a busar da wayoyi, a kawo sabon mai da haɗin 25 da 1, a tayar da shi cikin ruwa ya yi aiki a hankali kamar rabin awa ko fiye, har zafi ya kori sauran laima. Mai bugu huɗu sai an zubar da baƙin mansa an sake, fiye da sau ɗaya, har ya daina fitowa fari. In yana cikin aiki ya nutse, a kai wa bakanike ya duba sandan fistin, domin ruwan da ya shaƙa kan lanƙwasa shi.